Sharhi: Takardar Gwajin Hanta da Jarin Ɗan Kasuwa

A cikin 'yan shekarun nan gwajin jini ya zama ruwan dare a harkokin kasuwanci da ɗaukar ma'aikata a Nijeriya. Bankuna da manyan kamfanoni sukan nemi takardar likita kafin su ɗauki mutum aiki, kamfanonin inshora sukan neme ta kafin su amince da inshorar rai mai tsoka, haka kuma masu neman aiki a Saudiyya da maƙwabtanta ba sa samun biza sai sun tsallake gwajin lafiya. Daga cikin takardun da ake miƙo wa mutane akwai ta gwajin hanta, mai ɗauke da haruffa irin su ALT da AST da ALP da GGT, kowanne da lamba a gabansa. Ɗan kasuwar da zai iya lissafa ribar tirela guda ta shanu daga Maigatari zuwa Legas ba tare da alƙalami ba, sai a ga ya tsaya yana juya wannan takarda, bai san gabanta ba balle bayanta.

Wannan rashin sani yana da tsada ta fuska biyu. Wani da zarar ya ga lamba ta ɗan haura sai hankalinsa ya tashi, ya bazama wajen masu tallar maganin wanke hanta a bakin tasha, ya ɓarnatar da kuɗi, ya kuma ƙara wa hantar nauyi. Wani kuwa idan ya ga lambobin sun zauna daidai sai ya ninke takardar ya jefa a aljihu da farin ciki, alhali ƙwayar cuta ta shekara ashirin ko talatin a cikin jininsa tana aiki a ɓoye. Duka biyun asara ce, kuma asarar ba ta tsayawa a kan mai takardar. Takan shafi iyalinsa da yaran shagonsa da duk wanda ke binsa bashi. Saboda haka ya dace 'yan kasuwa su san abin da takardar ke faɗa da abin da ba ta faɗa, kamar yadda suka san karatun littafin cinikinsu.

Hanta tana kwance a ƙarƙashin haƙarƙari na gefen dama, nauyinta a jikin baligi ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Ita ke karɓar abincin da hanji ya tace ta sarrafa shi, ta ajiye sukari don lokacin buƙata, ta samar da ruwan matsarmama mai narkar da kitse, ta ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an yanke, ta kuma kashe dafin magunguna da guba. Tana da juriya ƙwarai, har takan sake tofowa idan wani ɓangarenta ya lalace. Sai dai wannan juriya ita ce kuma babban haɗarinta, domin hanta takan yi shekaru tana ciwo ba tare da mai ita ya ji komai ba. Kafin ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, ƙafa ta haye, sau da yawa aikin gama ya riga ya gama.

Haruffan da ke kan takardar sunaye ne na wasu sinadarai da likitoci ke kira enzayim, waɗanda mazauninsu cikin ƙwayoyin hanta ne, inda suke taimaka mata wajen aikinta. Idan ƙwayoyin suka ji rauni ko suka fashe, sai sinadaran su tsiyayo cikin jini, ma'auni ya gan su. Misalinsu kamar tsabar hatsi ce da aka tarar a warwatse a ƙofar sito. Ganinta ya nuna buhu ya yage ko ɓera ya shiga, amma bai nuna wanda ya yi ɓarnar ba, bai kuma nuna yawan abin da ya saura a ciki ba. Wanda ya riƙe wannan misali ya riƙe rabin karatun takardar.

Na farko, wato ALT, wanda wasu ɗakunan gwaji har yanzu suke rubutawa da tsohon sunansa SGPT, mafi yawansa a hanta yake, don haka hauhawarsa ta fi nuna ita ce ke da matsala. Na biyu, AST ko SGOT, akwai shi a hanta, akwai shi kuma a tsokar jiki da ta zuciya. Ɗan dakon da ya wuni yana sauke buhuna a kasuwar Mile 12 yana iya zuwa gwaji washegari a tarar da nasa ya haura, alhali hantarsa lafiya lau. Yawancin ɗakunan gwaji sukan sanya iyakar waɗannan biyu a wajajen 40 a kowace lita, amma iyakar takan bambanta daga wuri zuwa wuri gwargwadon injin da ake amfani da shi. Masana sun daɗe suna ganin 40 ta yi yawa. A ƙa'idojinta kan ciwon hanta nau'in B, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 30 a matsayin iyakar ALT ga maza, 19 kuma ga mata. Ke nan lambar da takarda ta nuna daidai ce, likita yana iya dubanta da idon zargi.

Sauran biyun, ALP da GGT, sun fi bayar da labarin hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi. Idan tsakuwa ko ƙari ya toshe hanyar, sukan haura tare. Amma ALP yana fitowa daga ƙashi ma, shi ya sa yakan yi sama a jikin yara masu tasowa da mata masu juna biyu ba tare da wata cuta ba. Likita yakan duba GGT don ya rarrabe: idan ALP ya haura shi kuwa GGT yana nan daidai, to hankali yakan koma kan ƙashi. GGT kuma yakan tashi da shan giya da wasu magunguna, irin su na farfaɗiya.

Abin lura shi ne, duk da ana kiran takardar gwajin aikin hanta, waɗannan huɗun rauni suke aunawa. Masu auna aikin kansa wasu ne daban. Akwai bilirubin, wanda idan ya taru yake rina ido ya zama shawara. Akwai albumin, furotin ɗin da hanta ke ƙerawa, wanda idan ya yi ƙasa ruwa ke taruwa a ciki da ƙafafu. Akwai kuma gwajin saurin daskarewar jini. Waɗannan su ne ke nuna ko masana'antar tana fitar da kaya yadda ya kamata. Mutum yana iya samun ALT mai yawan gaske amma waɗannan su tsaya daidai, ya kuma warke sarai. Wani kuwa ALT ɗinsa kaɗan ne, amma albumin ya faɗi, jini ba ya daskarewa, kuma shi ne ke cikin haɗari.

Girman lambar ma yana da nasa bayani. Idan ta haura kaɗan, ninki biyu ko uku na iyaka, dalilan da aka fi samu su ne kitse a hanta, ƙwayar cutar hanta da ta daɗe a jiki, giya, ko wani magani da ake sha. Zazzaɓin cizon sauro da taifot ma sukan ɗaga ta na ɗan lokaci, shi ya sa likita yakan nemi a sake gwajin bayan 'yan makonni kafin ya yanke hukunci. Idan kuwa ta haura dubu, wannan lamari ne na gaggawa, wanda galibi ke faruwa da sabon kamun ƙwayar cutar hanta, ko gubar magani irin parasitamol, ko faɗuwar jini mai tsanani. Idan AST ya ninka ALT sau biyu ko fiye, likitoci sukan yi zargin giya. Lamba guda a rana guda kamar cinikin rana ɗaya ne, ba a auna lafiyar shago da shi. Tafiyar lambobin cikin watanni ita ce abin dubawa, saboda haka adana tsofaffin takardu yana da amfani.

Babban ruɗin yana wajen waɗanda lambobinsu suka zauna daidai. Idan hanta ta daɗe tana ciwo takan cika da tabo, ta taurare, ta ƙanƙance. A wannan mataki ƙwayoyin da za su fashe su zubar da sinadarin sun ragu, sai lambar ta sauko. Siton da ya ƙare ba a ganin tsaba a ƙofarsa. Don haka ne likitoci ke haɗa AST da adadin ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini, su fitar da lissafin da ake kira APRI, wanda ke nuna alamar tabo da kuɗi kaɗan, sannan su tura a ɗauki hoton ciki, ko a auna taurin hantar da na'urar FibroScan inda ake da ita.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce me ya jawo raunin, kuma a Nijeriya amsar farko da ya kamata a nema ita ce ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa baki ɗaya da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a 2018 kan cutar ƙanjamau, wanda ya haɗa da gwajin hanta, ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Wato a cikin kowane mutum goma sha biyu ko sha uku da ke zaune a layin kasuwa, ana sa ran ɗaya yana ɗauke da nau'in B, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙara fito da girman al'amarin. A 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya, miliyan 50 nau'in C, kuma cututtukan sun kashe mutum miliyan 1.3 a wannan shekara, kimanin 3,500 a kowace rana. Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da ke ɗauke da kusan kashi biyu bisa uku na nauyin. Kashi 13 cikin 100 kawai na masu nau'in B aka gano suna da shi, kashi 3 kacal ke samun magani. Abin da ya fi shafar tattalin arziki shi ne rabin masu cutar 'yan shekara 30 zuwa 54 ne, kuma kashi 58 cikin 100 maza ne. Waɗannan su ne shekarun da mutum ke tsakiyar ƙarfinsa, ya tara jari, ya san hanya, ya kuma ɗauki nauyin gidaje da dama.

Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya tattara bayanan masu sankarar hanta daga asibitocin ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, ya nuna cewa in an cire Masar, matsakaicin shekarun marasa lafiyar 46 ne, kuma rabinsu ba su kai wata uku ba bayan an gano cutar, saboda a makare suke zuwa. Duk wanda ya san yadda kasuwancin gargajiya ke gudana ya san ma'anar wannan. Jari da bashi da amana da sunayen abokan hulɗa duk a kan maigida suke, ba a rubuce ba. Idan ya kwanta, kuɗin kaya ne ke komawa kuɗin asibiti, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. Masu neman dashen hanta kuwa galibi sai sun nufi Indiya ko Masar da kuɗin waje. Idan ya rasu, akan raba gado, shago ya watse, yara su kama gabansu.

A nan ƙasashen, yawancin masu nau'in B sun kamu ne tun suna ƙanana, daga uwa lokacin haihuwa ko ta cuɗanyar jini a ƙuruciya. Jaririn da ya kamu yana da kusan kashi 90 cikin 100 na zama da cutar har girmansa, amma baligin da ya kamu, ƙasa da kashi 5 ne ke zama da ita. Sauran hanyoyin su ne allurar da aka sake amfani da ita, jinin da ba a tantance ba, saduwa, da askar da ta taɓa jinin wani, ko ta wanzami ce wajen aski da ƙaho da kaciya, ko ta masu yankan farce da ke zagaya kasuwanni. Ba a ɗaukar ta ta gumi, ko gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko tsayuwa a sahu ɗaya. Nijeriya ta sanya rigakafin nau'in B cikin allurar yara a 2004. Ma'anar haka ita ce mafi yawan waɗanda aka haifa kafin wannan shekara, wato kusan duk masu riƙe da shaguna a yau, ba su samu ba sai wanda ya nema da kansa.

Gwajin ALT ba ya gano wannan ƙwaya. Gwajinta daban ne, sunansa HBsAg, ana yinsa da ɗigon jini, sakamako ya fito cikin mintuna. Wanda ba shi da ita sai a yi masa allurar rigakafi sau uku cikin wata shida. Wanda ke da ita sai a auna yawan ƙwayar a jininsa da halin hantarsa, likita ya yanke ko lokacin magani ya yi. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani don mutane da yawa su samu. Magungunan tenofovir da entecavir, ƙwaya ɗaya a rana, ba sa kawar da cutar gaba ɗaya, amma suna danne ta, suna kuma rage haɗarin tabo da sankara. Sharaɗinsu shi ne kada a daina sha ba da izinin likita ba, domin cutar takan taso da ƙarfi. Nau'in C kuwa ana warkar da shi cikin mako 12.

Lissafin farashin ya cancanci 'yan kasuwa su dube shi. Lokacin da maganin sofosbuvir ya fito a Amurka a 2013, kuɗin mako 12 ya kai dala 84,000. Rahoton 2024 ya nuna ana iya samun haɗinsa da daclatasvir a kan dala 60, tenofovir kuma a kan dala 2.4 a wata, amma ƙasashe 7 ne kawai cikin 26 da suka bayar da bayani ke sayen tenofovir a wannan farashi ko ƙasa da shi. Bambancin yana wajen yadda ake saye. Masar ta sarrafa maganin a cikin gida, ta gwada kusan mutum miliyan 50 a gangamin da ta fara a 2018, kuma a watan Oktoba na 2023 ta zama ƙasa ta farko da Hukumar ta ba matsayin zinare a kan hanyar kawar da nau'in C. Duk ɗan kasuwa ya san farashin sari ba ɗaya yake da na ɗai-ɗai ba.

Abokin gaba na biyu yana cikin hajar da 'yan kasuwar Arewa suka fi hulɗa da ita. Wata irin funfuna da ke kama gyaɗa da masara, musamman idan an girbe su cikin fari ko an ajiye su da danshi, tana fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗar Brazil. Dafuwa da suya ba sa kashe ta. Idan ta yi yawa takan kashe nan take, kamar yadda ya faru a Kenya a 2004 inda mutum 125 suka mutu saboda masara. Idan kaɗan-kaɗan ake ci shekara da shekaru, sankarar hanta take haifarwa, kuma binciken da aka yi a Shanghai a shekarun 1990 ya nuna haɗarin yana ninkuwa sau da yawa ga wanda ke ɗauke da nau'in B.

Wannan guba asara ce ta lafiya, asara ce kuma ta kasuwa. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci kai tsaye idan gubar ta wuce maikurogiram 4 a kowane kilo. Abin takaici shi ne kayan da aka tsince aka ware ba zubar da su ake yi ba, sukan koma ƙuli-ƙuli da tunkuza da abincin kaji, su ƙare a cikin talaka. Mafita kuwa tana nan a gida. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Nijeriya a 2014, ana watsa shi a gona kafin amfani ya yi fure, yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, busarwa sosai kafin a ɗura a buhu, jera buhuna a kan katako nesa da bango, duk ba su kai kuɗin kwantena ɗaya da aka mayar daga tashar jirgin ruwa ba. Dilan Dawanau da ya biya manomi ƙarin kuɗi don busasshen kaya mai tsabta, kansa ya yi wa.

Na uku shi ne magani. Mai doguwar tafiya da mai wunin kasuwa sun saba da aikawa kemis a haɗo musu na gajiya. Iyakar parasitamol ga baligi mai lafiya giram 4 ce a rana, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma mai ciwon hanta ko mai shan giya bai kamata ya kusanci wannan iyaka ba. Da yawa daga magungunan mura da na ciwon jiki suna da parasitamol a ciki, sai mutum ya haɗa uku ya zarce iyaka bai sani ba. Birtaniya ta taƙaita yawan ƙwayoyin da za a sayar a fakiti guda tun 1998 saboda wannan haɗari. Wasu magungunan tarin fuka ma suna taɓa hanta, shi ya sa ake bin masu shansu da gwaji. Sai kuma jiƙe-jiƙen jarka da haɗe-haɗen ƙarfin maza da na ƙiba, waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba balle ma'auninsu. Kasancewar abu daga itace ya fito bai hana shi zama guba ba. Babu wani haɗin wanke hanta da aka tabbatar yana kawar da ƙwayar cutar, kuma ko da lamba ta sauka bayan an sha, hakan bai nuna cutar ta tafi ba.

Na huɗu ciwon wadata ne. Zaman shago daga safe zuwa dare, shayi mai sukari, lemon kwalba a kan kowane ciniki, tuwo mai nauyi da tsakar dare, sukan tara kitse a hanta, musamman ga mai tumbi ko ciwon sukari ko hawan jini. Tumbin da ake yi wa kirari da alamar arziki, a wajen likita alamar tambaya ce. Dokar kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma haraji ba zai yi wa mutum abin da zai yi wa kansa ba. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yana gyara hanta mai kitse ƙwarai. Giya kuwa, ko da ba a son ambatonta, ɓoye ta ga likita cutar kai ce. Ruwan sha mara tsabta ma yana kawo nau'in A da E, kamar ɓarkewar nau'in E da aka gani a Diffa da Borno a 2017, wanda ya fi yi wa mata masu ciki illa.

Akwai masu cewa duk wannan hanya ce ta ɗakunan gwaji su yi ciniki, kuma sanin cutar da ba ta warkewa ba ya ƙara komai sai fargaba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ta wani gefe. Lallai akwai wuraren da ke jera gwaje-gwaje ashirin ga mai lafiya don a cika rasit, kuma mutumin da ba ya cikin wani haɗari ba ya buƙatar auna ALT kowane wata. Amma gwajin HBsAg da na nau'in C, ko sau ɗaya a rayuwa, lissafinsa daban ne. Kuɗinsa kaɗan ne, cutar tana da yawa, maganin yana nan, kuma sanin yana kare mata da 'ya'ya. Wanda ya ƙi buɗe littafin bashi don kada ransa ya ɓaci, bashin bai ragu ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ke hana mutane gwaji a gaskiya shi ne tsoron abin da za a yi da sakamakon. Akwai ma'aikatan da aka hana aiki ko aka sallama don an ga suna ɗauke da nau'in B, alhali ba sa iya shafa wa kowa a ofis ko shago, kuma da kulawar likita za su yi shekaru suna aiki. Wannan zalunci ne, kuma mummunan lissafi ne, domin kamfani ya yi asarar wanda ya horar, sauran ma'aikata kuma sun koyi ɓoyewa. Ƙasar Sin, wadda ta fi kowace yawan masu cutar, ta hana gwada ta wajen ɗaukar aiki da shiga makaranta a 2010. Ya kamata Ma'aikatar Ƙwadago da ƙungiyoyin masu ɗaukar ma'aikata a Nijeriya su fito da ƙa'ida bayyananna: gwaji don magani ne, sakamako kuma sirri ne tsakanin ma'aikaci da likita.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da rawar da ba wanda zai taka musu. Shugabannin kasuwanni da sarakunan Hausawa a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Lokpanta, waɗanda ke tara kuɗin ƙungiya don gobara da jana'iza, suna iya yin yarjejeniya da asibitin gwamnati mafi kusa a gwada mambobi a yi musu rigakafi a farashin sari, bisa sharaɗin duk wanda aka samu da cutar a haɗa shi da likita, kada a bar shi da takarda a hannu. Suna iya wajabta wa masu aski da yankan farce a cikin kasuwa sabuwar reza ga kowane mutum. Fataken da ke barin iyali a Arewa su tuna cewa allurar farko ta jariri cikin sa'o'i 24 na haihuwa ake son ta, ko a gida aka haihu, ba sai an jira ranar suna ba. Mace mai ciki da ke ɗauke da cutar kuma akwai maganin da ke kare jaririnta, idan an gwada ta a wajen awo.

Gwamnati ma da sauran aiki a gabanta. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, to ya dace gwajin hanta da maganinta su zama cikin abin da mai inshora zai samu ba tare da wahala ba. Sayen magani a dunƙule tsakanin Tarayya da jihohi zai sauko da farashi, kamar yadda aka yi wa magungunan ƙanjamau. Jihar Nasarawa ta ƙaddamar da shirin kawar da nau'in C a 2020, abin da ya nuna jiha ma tana iya somawa ba tare da jiran Abuja ba. Hukumar NAFDAC kuwa ta matsa wa masu tallar maganin hanta a tashoshi da gidajen rediyo. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince a 2016 da burin kawar da cutar nan da 2030, kuma lokaci yana ƙurewa.

Shi kuwa ɗan kasuwar da aka miƙa wa takarda, tambayoyinsa ga likita ba su da yawa: wace lamba ce ta haura, kuma ninki nawa, an gwada nau'in B da C ko ba a gwada ba, yaya albumin da bilirubin da ƙwayoyin jini suke, wane magani ko jiƙo zai daina, yaushe zai dawo a sake aunawa. Ya tafi da duk abin da yake sha a leda, na asibiti da na gargajiya, ya nuna. Idan ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko ciki ya kumbura, ko aka yi aman jini, asibiti za a nufa a ranar. Wanda aka tabbatar yana cikin haɗarin sankara kuma, hoton ciki duk wata shida shi ne ke sa a kama ta tun tana ƙarama.

Haƙiƙa 'yan kasuwa ba baƙin tsantseni ba ne. Suna sa wa sito kwaɗo biyu, suna duba man mota kafin tafiya, ba sa karɓar kaya sai sun zura hannu har ƙasan buhu. Abin da ake nema kawai shi ne su yi wa jikinsu irin wannan binciken, tun ana iya gyara. Lafiya uwar jiki, kuma ita ce jarin da ba a rantowa a banki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.